Jan Ruwan Ya Aisa

Tun da farko in faɗa muku, ni ban taɓa cewa Lauratu mayya ce ba. Abin da na ce kawai shi ne ta leƙa randar kuma ba ta ce tubarkalla ba. Sauran maganar mutanen unguwa ne suka ƙarasa. Ni a gida huɗu kacal na faɗa, ko biyar.

Sunana Gaji, ni ce ungozomar unguwarmu a Gaya. Rabin masu gemun da ke ɗaga hanci a bakin masallaci ni na yanke musu cibiya, kuma na san wanda ya fito da kuka da wanda sai da aka mare shi. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a bazarar 1979, kuma har yau akwai wuraren da ban gane ba a cikinsa.

Randar ta Ya Aisa ce, matar Ba Umara mai fataucin kanwa. Kakanninsu daga gabas suka zo, can wajen bakin Chadi, sun daɗe a Gaya har Barbarcin ya kusa ƙare musu, sai na gaisuwa da na faɗa. A kusurwar tsakar gidanta, inda rana ta fi duka, akwai wata randa da gishiri ya yi wa farin ɓawo ta waje. Ruwan kanwa ne da manda a ciki, mai kaurin da ko ƙuda ba ya sauka a bakinsa. Kowace mace ta iya jiƙa kanwa, sai ta fito ruwan ƙasa-ƙasa. Na Ya Aisa kaɗai ne ja, ja kamar zoɓon da aka ɗan sirka. Kakarta ce ta zo da irinsa a cikin gora. Duk ranar Alhamis takan ƙara masa kanwa da manda da ɗan ruwan tsarin gero, wai ciyar da shi take.

Duk maijegon da aka yi a unguwa, sai an ɗiga mata jan ruwan nan a kunun kanwa. Mata sun yarda nono ya fi zuwa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni dai na ga babu wadda take yarda ta yi jego babu shi. Ya Aisa ba ta sayarwa, kyauta take bayarwa, amma da hannunta da ludayinta, ba mai tsoma komai a ciki. Iri kuwa sai 'ya'yanta mata. Da babbar 'yarta Bilki ta yi aure a Ajingi a 1968, gora guda aka cika mata ta je ta kafa tata randar.

Ni da na shekara talatin ina kai kunun nan ɗaki-ɗaki, na roƙe ta iri har na gaji. Kullum amsar guda ce: "Gaji, ke ba jininmu ba ce, a hannunki mutuwa zai yi." To, shekara guda kafin wannan magana, wata rana tana sallar walha na ɗebi kofi biyu. Ba sata ba ce, ɗiba ce. Na zuba a ƙaramin tulu a bayan ɗakina, na kifa masa tsohon kwando, ina ciyar da shi duk Alhamis yadda na ga tana yi. Bai mutu ba. Ni ma ban ɗiga wa kowa ba, don in na ɗiga za a tambaye ni inda na samo. Leƙa shi kawai nake in ji daɗi.

Da bazarar ta shigo Bilki ta haihu. Ƙafar Ya Aisa na ciwo, sai ta aike ni Ajingi da kayan jego ranar kasuwa. Ina da wani ludayin duma da ba na rabuwa da shi, da shi nake ɗanɗana kunun masu jego, ya tsufa har ya yi baƙi. Da na tashi dama kunu na tambayi Bilki ina jan ruwanta yake, sai ta fashe da kuka, ta ja ni bayan rumbu. Randarta ta koma fari tas kamar ruwan rijiya. Ta ce tun da mijinta ya kawo mata wata ɗanyar kanwa mai laima daga hannun wasu fatake ta zuba, ko mako ba a yi ba jan ya tafi.

Na tsoma ludayina na ɗanɗana. Gishirin na nan, kanwar na nan, ja ne kawai babu.

"Iya Gaji, don girman Allah kada ki faɗa wa Ya," in ji Bilki. "In ta ji na kashe ruwan kakarta ba za ta ƙara kallona ba."

Na yi mata alkawari, kuma na cika. Wannan ne kaɗai sirrin da na taɓa riƙewa a rayuwata, shi ne kuma ya jawo masifa.

Washegari da hantsi na shiga gidan Ya Aisa in ba ta labarin jariri. Na tarar tana banɗaki. Ga randa, ga ni, ga ludayi a cikin mayafi, tuluna kuma ya ɗan yi ƙasa. Na ɗaga faifan na tsoma. Ban kai ga ɗagowa ba na ji sallama, sai na juye ruwan a inda na ɗebo shi, na cusa ludayin a hammata.

Lauratu ce. Mutuniyar Kademi ce da aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da tandar waina a ƙofar gida. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi. Aron rariya ta zo. Ta ga randa a buɗe, ta leƙa ta ce, "Kai, wannan ja kamar a sha!" Shi ke nan abin da ta ce. Ni kuwa ina isa gida na cusa ludayin cikin jinkar ɗaki don tsoro, ban ƙara taɓa shi ba.

Kwana shida bayan haka Ya Aisa ta ɗaga faifai ta ga ruwa fari. Aka ce zama ta yi a ƙasa daɓas, babu tabarma. Da na je tana ta maimaitawa, "Wa ya zo kusa da ita? Wa ya gan ta a buɗe?" Ni a lokacin, wallahi, ban haɗa maganar da ludayi ba. Ludayi me ya sani? Sai na tuna Lauratu, na faɗi abin da na ji da kunnena.

Kafin Juma'a wainar Lauratu ta fara kwantai. Uwaye suka hana yara bi ta ƙofarta. Wata ta tuna akuyarta ta yi ɓari bayan Lauratu ta yaba ta, wata ta tuna nononta ya tsinke. Aka ce wadda ta iya cinye kurwar ruwa, ta jariri ba za ta yi mata wuya ba, ga shi mata uku na da tsohon ciki a unguwa. Magana ta kai ga mai unguwa Maiwada, dattijon da ba ya son hayaniya, don haka kullum yake bin ɓangaren da ya fi hayaniya. Ya ce a yi yadda aka saba: wanda ake zargi ya kama kurwa, shi ake sa wa ya tsallaka marar lafiyar don ya sake ta. Tun da marar lafiyar randa ce, Lauratu za ta tsallaka randa. In ta ƙi, ta tattara 'ya'yanta ta bar unguwa.

Ana cikin haka Bunu ya zo hutu. Shi ne autan Ya Aisa, yana karatun ƙananan halittu a jami'a a Zariya. Ni na yanke masa cibiya, don haka mijina nake ce masa. Da ya ji abin da ya faru sai ya hau mota ya tafi Ajingi don ya karɓo wa uwarsa iri wajen yayarsa, ya tarar da abin da na tarar. Ya dawo da kwalabe biyu, ɗaya ruwan Bilki, ɗaya na uwarsa, ya roƙi mai unguwa a jinkirta tsallakar har ya je Zariya ya dawo. Ba Umara ya sa baki, aka ba shi mako uku.

Mako ukun nan Lauratu ta daina kunna wuta a ƙofar gida. In na wuce sai in ga tandar a kife jikin katanga. Na fara bi ta wani lungun.

Ranar Talatar da Bunu ya dawo, aka taru a tsakar gidan Ya Aisa bayan la'asar: mai unguwa da Ba Umara a kan kujera, mu tsofaffi a tabarma, matan aure suna leƙe ta bayan zana. Lauratu na tsaye a bakin zaure ita kaɗai. Bunu ya jera wasu fayafayan gilashi guda huɗu, kowanne da wani abu kamar daskararren kamu a ciki, ja, amma duk ya huhhuje kamar zanen da gara ta ci.

"Baba mai unguwa," in ji shi, "jan nan da kuke gani ba rini ba ne. Masu rai ne, ƙanana ƙwarai, yawansu ne ya sa ruwan ya yi ja."

"Masu rai a cikin kanwa?" na ce. "Mijina, ko kwaɗo ya faɗa randar nan sai dai a fito da gawa."

"Su kuma in kin zuba su a ruwan rijiya fashewa suke, Iya. Gishirin ne gidansu. Masana ma kwanan nan suka fara cewa ba dangin ƙwayoyin da muka sani ba ne, dangi ne dabam. 'Yan'uwansu wasu a maɓuɓɓugar ruwan zafi suke zaune, inda hannu ba ya shiga, wasu a tumbin saniya."

"Tumbin saniya kuma? Wa ya kawo saniya randata?" in ji Ya Aisa.

"Ba a kawo ba, Ya. Misali nake."

"To kai a ina ka samo waɗannan jajayen na cikin faranti, tun da nawa sun mutu?"

Bunu ya sosa ƙeya. Ashe tun shekarar da ya shiga jami'a ya ɗebi cokali guda a ɓoye, a kansu yake karatun. Uwar ta dube shi kamar ta rufe shi da duka. Ni kuwa na ji wani sanyi a raina, ashe mu biyu ne.

Mai unguwa ya ce a bar wannan, a faɗi abin da ya kashe su.

"Wasu ne da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba," in ji Bunu. "Bairos ake ce musu. Na tace farin ruwan nan da matacin da ko jajayen ba sa iya wucewa, na ɗiga a kan faranti. Duk inda kuka ga huji, nan guda ɗaya ya sauka. Shiga yake cikin ɗan jan, ya hayayyafa a ciki, ya fasa shi ya fito, 'ya'yan su kama na kusa."

"Ka gan su da idonka?"

"A'a. Madubinmu bai kai nan ba, sai wani babban inji. Waɗanda suka ga irinsu a ƙasar waje sun ce kai ne da wutsiya, kamar ɗan kwaɗo kafin ya yi ƙafa."

Mai unguwa ya shafa gemu. Can ya ce, "Bari in ji ko na gane. Abu ne da ba a gani."

"E."

"Ya shiga jikin mai rai ba a sani ba."

"Haka ne."

"Ya cinye shi ta ciki, sai a wayi gari babu shi."

"Daidai, Baba."

"To ai abin da muke faɗa ke nan tun wata guda!"

Mata a bayan zana suka ɗau salati. Bunu ya rikice, ya ɗago faranti yana nunawa. "A'a, ku duba da kyau. Ba ma iri ɗaya ba ne. Ga huji babba mai tsabtataccen baki, ga ƙanana kamar tsinin allura, ga wani mai dishi-dishi a gefe. Aƙalla iri uku ne, kowanne da yadda yake cin nasa. Kuma duk ukun suna cikin ruwan Yaya Bilki na Ajingi, daga can suka zo."

"Su uku ne ashe!" in ji wata daga bayan zana. "Ina sauran biyun?"

Nan take na ji ana raɗa sunaye, har da na wata ƙanwar mijina da ba ta ji ba ta gani ba. Bunu ya ce Lauratu ta shekara goma ba ta taka Ajingi ba. Aka ce masa mayya ba ta jiran motar kasuwa. Ya Aisa kuwa a nan ta fara jin randar Bilki ma ta mutu, sai ta ɗora hannu a ka. Mai unguwa ya miƙe ya ce ilmin zamani ya tabbatar da na dā, gata ranar Juma'a da safe a yi tsallaka. Da na waiga bakin zaure, Lauratu ba ta nan.

Washegari ina tsintar wake sai ga Bunu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna a kan turmi.

"Mijina, yau ka tuna da tsohuwar matarka? Ina cefane?"

"Iya, abin nan ba ya tashi sama daga Ajingi zuwa Gaya. Wani abu ne da ya jiƙe a can ya zo ya jiƙe a nan. Ko ƙwarya, ko hannu." Ya dube ni. "Ko ludayi."

"Ludayi nawa ne a ƙasar Gaya?"

"Yaya Bilki ta ce kin ɗanɗana."

"Maijego ce, zafin ruwan wanka ya taɓa mata kai."

Bai yi dariya ba. Na ci gaba da tsintar wake, ina zubar da mai kyau ina ajiye tsakuwa. Kaina ya ɗaure. Yaya za a yi abin da ba shi da ƙafa ya hau ludayi, ya shiga motar Ajingi, ya sha rana da ƙura, ya kwana a ɗakina, bai ci ni ba, bai ci jaririn Bilki ba, sai ruwa? Kuma su uku, a ludayi guda, ni ban ji nauyi ba.

"To in tambaye ka," na ce. "A ce wani bawan Allah yana da jan ruwan nan a wani wuri. A ce fa. In ya je ya juye shi a randar uwarka ba wanda ya gani, ai magana ta ƙare ko?"

Ya ɗago ya dube ni tsawon lokaci. "Randar cike take da su, cinye shi za su yi. Amma a ce ma bai mutu ba, Iya. A ce Lauratu ta tsallaka ranar Juma'a, Asabar a ga ruwa ya yi ja. Me za a ce?"

Na san me za a ce. Ni da kaina ce zan fara kai labarin gida-gida.

Ranar Juma'a da safe gidan Ya Aisa ya cika. Sai kuma aka rasa yadda za a yi. Mutum kwantar da shi ake a tsallaka, randa kuwa ta kai ƙugu. Wasu suka ce a kwantar da ita, Ya Aisa ta ce in ruwan ya zube me za a warkar. Wasu suka ce a kawo turmi ta taka, aka ce tsallakar da aka yi da turmi ba ta karɓuwa, ko da yake ba wanda ya san inda aka taɓa yin haka. Ƙarshe aka haƙa rami aka nutsa randar har wuya, ana ta gumi ana gardama.

Lauratu ta fito tsakiya da mayafinta har goshi. Ba ta dubi mai unguwa ba, ni ta duba.

"In na tsallaka na amsa, 'ya'yana sun zama 'ya'yan mayya har su mutu," in ji ta. "In na ƙi, ku kore ni. Iya Gaji, ke kika karɓi haihuwata sau uku. Kin kwana a ɗakina, kin ci tuwona. Ke kika ce kin ji ni. To faɗa musu wanne zan yi."

Duk idanu suka dawo kaina. Na ce a ba ni wuri, fitsari nake ji. Na fita. Har na kai ƙofar gidana ban san ko zan dawo ba. Na shiga, na zaro ludayin daga jinka, gishiri ya bushe a jikinsa fari fat, na ɗaga kwandon na sungumi tulu.

Da na dire shi a gaban Ya Aisa na buɗe, ta leƙa, sai da ta ja da baya.

"Gaji! Wannan daga ina?"

"Daga inda kika ce a hannuna mutuwa zai yi."

Na faɗi komai, tun daga sallar walha har ludayi a hammata. Wurin ya kaure. Wasu na cewa ɓarauniya, wasu na cewa to ni ce ta biyu cikin ukun. Mai unguwa ya ce shi fa yanzu bai san wa zai tsallaka wa ba, ko ni zan tsallaka randa, ko ludayi, ko Lauratu ce za ta tsallaka tuluna.

Bunu ya ce kada kowa ya tsallaka komai. Ya sa aka kawo sababbin kofunan gilashi biyu, ya cika su daga tuluna. Ya ɓalli bakin ludayin ya jefa a ɗaya. Ɗayan kuma ya ce na Lauratu ne, ta zo kullum da safe ta kalle shi iya son ranta, ta yaba shi ko ta zage shi, kada ta kuskura ta ce tubarkalla. A ajiye su a rana a gidan mai unguwa, a ƙarƙashin kwando, da tazara a tsakaninsu, shi kaɗai zai riƙa ɗagawa.

"In nawa ya yi fari fa?" in ji Lauratu.

"Ba zai yi ba, Inna."

"Ka tabbata?"

Ya kau da ido daga kanta, ni kaɗai na lura. Ya ce, "In sha Allahu."

Kwana shida unguwa ba ta yi aikin kirki ba. Kullum da safe Lauratu takan zo, mai unguwa ya ɗaga kwando, ta sunkuya a kan kofinta. Ranar farko cewa ta yi, "Kai, wannan ja kamar a sha," ta tafi. Rana ta biyu ta ga ina cikin masu kallo, sai ta gyara tsayuwa ta ce wa kofin, "Allah ya isa tsakanina da kai, tsohon banza mai yawon gidajen mutane, mai baki kamar ƙofar kasuwa, wanda aka ba shi tuwo ya saka da sharri." Mai unguwa ya ce kofin take nufi ko. Ta ce kofin mana. Haka ta yi ta yi kullum, kuma kullum da sabo. Ashe matar nan da muke cewa ba ta da magana tara ta take.

Rana ta huɗu kofin ludayi ya fara dusashewa. Ta shida ya zama fari tas. Na Lauratu kuwa, da ya sha zagi fiye da jakin fatake, jansa ma ƙaruwa ya yi don rana ta ɗan ƙafar da shi.

Mai unguwa ya tara mutane ya ce shi dai har yanzu bai gane wa ya ci wa ba, amma abin da ya gani shi ne idon Lauratu ba ya kashe ruwa, ludayin Gaji yana kashewa. Ya ce duk wanda ya ƙara kiran baiwar Allahn nan da wani suna, shi zai bar unguwa. Aka cike ramin da aka haƙa. Ya Aisa ta sayi sabuwar randa, ta ƙwace tuluna ta kafa da shi, ta aika wa Bilki gora guda. Ba ta yi mini magana ba har sai da jikarta ta zo haihuwa yaron ya juyo da ƙafa.

Ragowar ludayin Bunu ya tafi da shi Zariya. Da ya dawo hutun gaba ya kira ni gefe ya ce ya sami huji iri na huɗu, mai zobe a kewaye, wanda babu shi a ruwan Bilki, babu shi a na uwarsa, a ludayina kaɗai yake. Na ce daga ina. Ya ce shi ma bai sani ba, wataƙila daga wata kanwar da na taɓa ɗanɗanawa a wani gida. Ya ce yana jin irin abubuwan nan sun fi ƙarfin ƙirga, kowane tafkin gishiri da nasa, har yanzu ba wanda ya san ko kaɗan daga cikinsu. Yana faɗa yana murna kamar an yi masa albishir. Na ce ya rufa mini asiri, kada mutanen unguwa su ji akwai na huɗu.

Lauratu ta sake kunna wutarta ran Asabar ɗin da ta biyo baya. Yara suka dawo, har da 'ya'yan mai akuyar da ta yi ɓari. Ni sai da na yi mako biyu ina bin lungu kafin na iya tsayawa a gaban tandar. Na gaishe ta, na ce ta yafe mini. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya waina.

"Guda nawa?" ta ce.

Na ce uku. Ta zaɓo ukun da suka fi ƙonewa ta zuba mini, ta ce miya ta ƙare, ga tukunyar kuwa a cike ina gani. Na zauna a gefen dakalinta na cinye su a bushe. Da na tashi tafiya sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in gobe zan zo in zo da wuri, kuma in bar kowane irin ludayi a gida.